Sharhi: Yaron da ya tashi da zafin jiki, lakwal zai nufa ko gidan likita?

Komawa lakwal a Nijar na faɗowa ne a watan Oktoba, daidai lokacin da damina ke naɗe tabarma, ruwa na kwance a lunguna, sauro ya gama hayayyafa, gidajen likita kuma sun cika maƙil da masu masassara. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, gidaje da yawa na tashi da tambaya guda tsakanin sallar asuba da ƙarfe bakwai da rabi: yaron nan da ya kwana yana juye-juye, a sa masa riga ya tafi, ko a bar shi ya kwanta? Uwa ba ta da wata takarda a hannu da za ta duba, ba ta da ma'aunin zafin jiki, sau da yawa ma ba ta da kuɗin cefane balle na likita. Da tafin hannunta take aunawa, cikin minti biyar take yanke hukunci.

Matsayin wannan kafa shi ne, a ƙasa irin tamu, yaron da jikinsa ya yi zafi ba shi da abin yi a aji ranar nan, kuma kwanciya a ɗaki kaɗai ba ta wadatar ba. Gidan likita zai nufa, a yi masa gwaji. Sauran abin da za mu faɗa a nan duk a kan wannan ya ginu.

Mu fara da ɗabi'ar da ta zama ruwan dare. Yaro ya tashi jiki jau, sai a aika wajen mai tebur ko mai tallar magani a kai, a sayo farasetamol, a ba shi da koko. Kafin rabin awa ya yi gumi, jiki ya yi sanyi, har ya fara wasa. Sai a ce ai ya warke, maza ɗauki jakarka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, aikin farasetamol awa huɗu ne zuwa shida. Yana sauke zafi ne kawai, ba ya taɓa abin da ya kawo zafin. Yaron da ya sha shi ƙarfe bakwai na safe, zazzaɓin zai dawo masa tsakanin sha ɗaya da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da yake zaune a ajin da ke da yara sittin ko fiye, ƙarƙashin kwano ko rumfar zana, babu uwa kusa, mushe kuma ido biyu gare shi kamar kowa. Yaron da ya kifa kai a kan tebur, ba lallai ne a gane shi da wuri ba. Wani ma sai an tashi ake lura bai tashi ba.

Idan masassarar cizon sauro ce, awannin nan da aka ɓata suna da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa irin ƙwayar cutar da ta fi yawa a yankinmu na iya rikiɗa ta zama mai tsanani, har ta yi kisa, cikin awa 24 idan ba a yi magani ba. Gwajin gaggawa da ake yi a CSI kuwa, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako na fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna, maganin kwana uku ne, safe da yamma. Ke nan abin da ake gudu, wato yaro ya rasa darasi, kwana uku ne ko huɗu. Wanda aka yi wa jinkiri kuma, maganar kwanciya a asibiti ake yi, da ƙarin ruwa, da neman wanda zai ba da jini.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, mu kuma muna ganin shi ne tushen matsalar. Duk wata kariya da ƙasa ta tanadar wa yaro tana ƙarewa ne gab da ya shiga lakwal. Tun shekarar 2006 aka ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a gidajen likita na gwamnati. Maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata daga Yuli zuwa Oktoba, wanda ma'aikata ke kira CPS, an tsara shi ne don yara masu watanni 3 zuwa 59. Allurar rigakafin masassara da aka ƙaddamar a Gaya a 2024, ta jarirai ce. Yaro kuma yana shiga aji CI ne yana da shekara shida ko bakwai. Wato ɗan CI da ɗan CP sun fita daga layin kyauta, sun fita daga layin CPS, sauro kuwa bai san da wannan iyaka ba. Uwar da bara ko bara waccan take ɗaukar ɗanta ta kai likita ba tare da ta tambayi kowa ba, bana sai ta jira maigida ya dawo ko ya turo kuɗi. Daga nan ne farasetamol na dala biyar ke zama mafita.

Gaskiya ne a watan Satumbar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ga gidan da ke da ƴan lakwal huɗu, a watan da aka sayi littattafai da riguna, aka biya kuɗin kwamiti, rabi ma kuɗi ne. Senegal ta daɗe tana ba yara maganin rigakafin damina har zuwa shekara goma. Muna ganin lokaci ya yi da ofishin ministan kiwon lafiya da na ilimi za su zauna su duba wannan, ko da a fara da jihohin da masassara ta fi yi wa ɓarna.

Kafin a kai can, akwai abubuwan da kowane gida ya kamata ya haddace, don akwai alamun da ba sa jiran gari ya waye, balle a yi maganar lakwal. Yaron da ke jijjiga, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya kasa shan ruwa, ko ya yi laƙwas ana kira ba ya amsawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, wannan a ɗauke shi a tafi, ko da ƙarfe biyu na dare ne. Mun san a gidaje da dama jijjiga na sa a fara tunanin iska, a nemi hayaƙi da rubutu. Ba mu hana kowa addu'a ba. A yi ta a kan kabu-kabu, ana kan hanyar asibiti. Yaro mai sikila kuwa, ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu, zafin jiki kaɗai ya isa dalilin ganin likita a ranar.

Idan damina ta wuce, hunturu ya shigo da ƙura, sai kuma lokacin sanƙarau, wanda ke kai wa har ƙarshen bazara. Ƴan Yamai ba su manta da 2015 ba, shekarar da aka rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki a watan Afrilu, iyaye na layi a farmasi suna neman allura. A wannan annoba an ƙirga mutum 8,500 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, 573 suka rasu, kuma yara ƴan makaranta na cikin waɗanda ta fi taɓawa. Jihar Damagaram ma ta sake ganinsa a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Sanƙarau na farawa ne kamar kowace masassara: zazzaɓi, ciwon kai, amai. Abin da ke bambanta shi, wuya ya sanƙare yaro ya kasa sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, haske ya riƙa damun idonsa, ko hankalinsa ya fara gushewa. Yana iya kisa cikin yini guda, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai masu rasa ji har abada. Yaron da ya ce kansa na ciwo a watan Maris, jikinsa kuma da zafi, kada a ce masa rana ce.

To amma kada a fahimce mu a baibai. Ba cewa muke duk yaron da ya yi atishawa a kwantar da shi ba. A watan Disamba da Janairu, in aka ce mai majina da ɗan tari ya zauna gida, ajin zai zama kango. Yaron da ke da mura, amma jikinsa ba zafi, ya ci abin kari, yana tsokanar ƙannensa, wannan a sa masa rigar sanyi ya tafi. Rashin zuwa ma yana da nasa farashi, musamman a CI da CP inda ake koyon baƙaƙe. Yaron da ya rasa mako biyu a lokacin, yana iya dawowa ya tarar an wuce shi, kuma a ajin mutum sittin ba wanda zai koma baya dominsa. Da yawa daga cikin yaran da ke kai wa CM ba su iya karanta layi guda ba, tun daga irin wannan giɓi suka ɓace. Ma'aunin mai sauƙi ne: yana ci, yana sha, yana wasa, jiki ba zafi ba tare da an ba shi magani ba? In haka ne, lakwal.

Akwai kuma ciwon cikin nan na safiyar Litinin, wanda ke warkewa da kansa da zarar ƙarfe tara ta yi. Iyaye kan ce ƙarya ce, su ɗauko bulala. Wani lokaci ƙaryar ce. Amma yaro ɗan shekara bakwai ba ya ƙirƙiro ciwo haka kawai. Ko dai akwai bulalar da yake tsoro a aji, ko wani babban yaro na ƙwace masa kuɗin tara, ko an ba da aikin da bai gane ba, ko kuwa yunwa ce tsagwaronta. Wanda ya zauna ya tambaye shi a hankali zai fi wanda ya ja shi da ƙarfi sanin gaskiya.

Masassarar cizon sauro ba ta tsallakawa daga yaro zuwa yaro a kan benci, don haka mai ita don kansa yake zama gida. Akwai cututtukan da don ƴaƴan wasu ake zama, kuma nan ne muke yawan gazawa. Ƙyanda ce kan gaba. Tana yaɗuwa tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, har kwana huɗu bayan sun fito, ƙwayar cutar kuma na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Cikin yara goma da ba su yi allura ba, tara na iya kamuwa idan suka zauna da shi. Yaro mai zazzaɓi da jan ido da tari da majina, ko ƙuraje ba su fito ba tukuna, bai kamata ya shiga cikin yara ba. Haka mashaƙo, wanda ya ɓulla a Matamaye da wasu sassan ƙasa a 2023, a daidai lokacin da yake ɓarna a Kano: ciwon maƙogwaro, farin abu ya shimfiɗe a ciki, wuya ya kumbura. Ƙarambau sai ƙurajen sun bushe duka. Ciwon ido na apolo kuwa kowa ya san yadda yake share aji cikin mako guda, ta hannu da tsumma da butar da ake rabawa.

Gudawa ma haka. Makarantu nawa ne a unguwanninmu ke da makewayi mai aiki da ruwan wanke hannu? Yaron da ya zaga sau uku tun asuba, in aka tura shi, an tura shi ne ya sha kunya gaban tsaransa, ya kuma bar wa wasu. Ya zauna gida, a dama masa ruwan gishiri da sukari na leda, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a karɓo masa zinc. Idan zawon ya koma kamar ruwan shinkafa, mutanen Madarunfa da Maraɗi da suka ga kwalarar 2018 da ta 2021 ba sa buƙatar a yi musu bayani.

Yanzu mu juya ga makarantun kansu, don ba adalci ba ne a ɗora wa uwa komai. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa a tura yaro yana rangaji shi ne tsoron abin da zai tarar idan ya dawo. A wasu makarantu, wanda ya yi fashi bulala ke tarbarsa kafin tambaya. A wasu, sai ya kawo takardar likita ko da yini ɗaya ya yi, alhali takardar ma da kuɗi ake samunta. Idan fashin ya faɗo ranar jarabawar ƙarshen zango, sifili ne, babu zancen sakewa. A makarantun kuɗi kuma iyayen ne da kansu ke lissafi: na biya, ba zai rasa ko yini ɗaya ba. A ƙauyukan da ake dafa wa yara abinci a lakwal, dalilin ya fi ban tausayi, don abincin ranar ne ake tura shi ya ci. Duk waɗannan na koya wa iyaye cewa gara a ɓoye ciwo da a faɗe shi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da ke faruwa idan ciwon ya bayyana a aji. Mushe ya taɓa goshin yaro, ya ji zafi, ya ce tashi ka tafi gida. Sai yaro ɗan shekara shida ya fito shi kaɗai da tsakar rana, jiri na ɗibarsa, ya tsallaka titi tsakanin babura, ya isa gida wataƙila ya tarar uwa ta tafi kasuwa. Ba mugunta ce ke sa malamai yin haka ba, rashin tsari ne. Mushe ba zai bar yara sittin ya raka ɗaya ba, kuma sau da yawa ba shi da lambar kowa.

Gyaran wannan bai buƙaci kasafin kuɗin ƙasa. Kowace makaranta na da direkta, tana da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye, da yawa kuma na da ƙungiyar iyaye mata. A zaman farko na shekara ana iya tsayar da ƙa'ida a shafi guda, da Hausa ko Zabarmanci, ba da Faransanci kaɗai ba, a karanta wa iyaye: ga ciwon da ake zama gida, ga wanda ake zuwa, fashin kwana biyu ko uku maganar uwa ko uba ta isa shaida, wanda ya rasa jarabawa don ciwo za a sake masa. A rubuta lambobin waya biyu na kowane yaro a rajista. A sayi ma'aunin zafi guda a ajiye a ofishin direkta, tare da tabarma a inuwa. Kuma a haramta sallamar ƙaramin yaro marar lafiya shi kaɗai, sai wani babba ya zo. Idan ofishin minista ya fitar da wannan a matsayin umarni ga duk ƙasa ya fi, amma babu direktan da ke buƙatar izinin Yamai kafin ya rubuta lambar waya.

A ƙa'idar nan a saka har da ƴan mata. Idan ƙaramin yaro ya kwanta, uwa kuma dole ta fita nema, wa ake cewa ya zauna da shi? Yayarsa ta CE2 ko CM1. Ciwon mutum ɗaya ya zama fashin mutum biyu, kuma kullum ita ce ta biyun. Ba mu da maganin wannan a aljihu, amma a gidajen da akwai kaka ko maƙwabciya, ko wan yaron da ke zaune a fada tun safe yana dafa shayi, bai kamata yarinyar ce za a fara tunawa ba.

Wannan ya kawo mu kan masu karanta mu. Da yawanku ba ku da ɗa a lakwal tukuna, amma kuna da ƙanne, kuma ku ne masu waya da babur a gidan. Ku ne za ku iya karanta lambar da ma'aunin zafi ya nuna. Idan aka sa shi a hammata ya nuna digiri 37.5 ko fiye, ma'aikatan lafiya na ɗaukar wannan a matsayin zazzaɓi. Ku ne kuma za ku iya ce wa Inna a yi haƙuri da maganin mai tebur, wanda ya yini a rana ba a san ranar lalacewarsa ba, a fara gwaji tukuna. Ku kula kuma, ba a ba yaro asfirin don zazzaɓi.

Ku kuma da ke Libiya, Aljeriya, Legas, Akara, Abijan ko Turai, mun san yadda abin yake. Saƙon murya ke shigowa ta WhatsApp da dare, a ce wane ba ya jin daɗi amma da sauƙi. Kun san "da sauƙi" a bakin mutanenmu na iya nufin komai. Sai ka ce a bari gobe in an biya ka ka turo, goben kuma ta zama jibi. Kada ka tsaya a "Allah ya ƙara sauƙi". Tambaya za ka yi: jikin da zafi? Tun yaushe? Yana shan ruwa? An yi gwaji? Abin da ya fi wannan ma, cikin kuɗin da kake turowa na littattafai a watan Satumba, ka ware jika biyu ko uku, a ajiye a hannun wadda ke kwana da yaran, da sharaɗin ba a taɓa su sai don likita, kuma ba sai ta nemi izinin kowa ba kafin ta kashe. Mafi yawan jinkirin da ake samu, jiran izini ne da jiran kuɗi.

Sai maganar komawa aji, wadda ita ma ake gaggawa a kanta. Yaron da aka ba maganin masassara yakan ji sauƙi tun rana ta biyu, sai a ajiye sauran ƙwayoyin don wata rana, a tura shi lakwal. Maganin shan sau shida ne, kuma sai an cika shi ƙwayar cutar ke ƙarewa a jini. Wanda aka katse, cutar na iya dawo masa bayan mako biyu ko uku, a ce sabuwa ce. Yaro zai koma ne idan ya yi yini da kwana cur ba zafi, ba tare da farasetamol ba, yana cin abinci, ƙafafunsa kuma na iya kai shi. A ranar farko wani babba ya raka shi, ya gaya wa mushe ko madam abin da ya same shi da maganin da ya sha, ya karɓo darussan da aka yi a bayansa, ya bar lambar waya.